Dokokin Bindiga da Tsaron Makarantu a Jihohin Amurka: Haƙƙin Wa Ake Karewa?

A watan Mayun 2023, shekara guda bayan kashe yara 19 da malamai 2 a firamaren Robb da ke garin Uvalde, majalisar dokokin jihar Texas tana da ƙudurori biyu a gabanta. Na farko shi ne wanda iyayen yaran suka yi ta zarya zuwa Austin, babban birnin jihar, a kansa: a ɗaga shekarun sayen bindiga samfurin AR-15 da makamantanta daga 18 zuwa 21, domin maharin ya sayi nasa bindigogin ne kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, kuma babu dokar da ya taka wajen sayen. Ƙudurin ya tsallake kwamiti da ƙuri'a 8 da 5, sai wa'adi ya cika ba a kawo shi zauren majalisa ba. Na biyun, wanda ya zama doka, ya wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta ajiye mai tsaro ɗauke da bindiga a lokacin karatu.

A shekarar dai, jihar Michigan ta ɗauki wata hanyar. Ita ma ta binne ɗalibai 4 na sakandaren Oxford a 2021, da wasu 3 na jami'ar jihar a Fabrairun 2023. Majalisarta ta yi dokoki uku: a binciki tarihin duk mai sayen bindiga ko da a hannun maƙwabcinsa zai saya, a kulle bindiga a gidan da yara suke, sannan kotu ta iya karɓe bindigar mutumin da ya zama haɗari na ɗan lokaci. Masifa iri ɗaya ce, amma jiha ɗaya ta nufi ƙofar makaranta, ɗayar ta nufi gidan da bindigar take. Kusan duk dokokin da jihohin Amurka suka yi tun harin da aka kai sakandaren Columbine a 1999 suna cikin ɗayan biyun nan, kuma kowace hanya akwai haƙƙin da take taɓawa.

Mai karatu a Najeriya zai iya mamakin yadda jiha ke da wannan iko, tunda a can sha'anin makamai na gwamnatin tarayya ne kaɗai. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga a 2022, maganar ta tsaya a baki. A Amurka abin ya sha bamban. Hukunta laifuka da kula da makarantu aikin jihohi ne tun asali, dokar tarayya kuwa ƙaramin mizani ne da kowa zai tsaya a kai. Mizanin shi ne: dillali mai lasisi ba zai sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai 21 ba, doguwa kuma sai mai 18, dole ya tura sunan mai saye ga tsarin bincike na hukumar FBI wanda ya fara aiki a 1998, idan kwana uku na aiki suka wuce babu amsa, yana iya miƙa bindigar. Ta wannan kafa ce wanda ya kashe mutum 9 a cocin Charleston a 2015 ya samu tasa. Cinikin da mutum biyu suka yi tsakaninsu, ba dillali, dokar tarayya ba ta buƙaci bincike a kansa ba. Kuma tun 1986 an haramta wa gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga.

Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure hannun gwamnatin tarayya sau biyu. A 1995, a shari'ar Lopez, ta soke dokar da ta hana riƙe bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, ta ce majalisar tarayya ta shiga hurumin jihohi. Sai da aka sake rubuta dokar a 1996. A 1997, a shari'ar Printz, ta ce tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jiha su aiwatar mata da dokar bindiga ba. Bayan kashe yara 20 da manya 6 a firamaren Sandy Hook a Disambar 2012, ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya samu ƙuri'a 54 a majalisar dattawa, alhali 60 ake buƙata. Babbar dokar tarayya da ta biyo baya sai a Yunin 2022, bayan Uvalde, ita ma iyakarta ƙara wa'adin binciken 'yan ƙasa da 21 zuwa kwana 10 na aiki, da ware dala miliyan 750 don taimaka wa jihohi, da wasu gyare-gyare. Saura duk yana hannun majalisun jihohi 50.

Su ma jihohin ba sakaka suke ba. Gyara na Biyu na kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya tanadi haƙƙin mallaka da ɗaukar makami. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin na kowane mutum ne don kare kansa a gida; a 2010 ta ce ya hau kan jihohi ma. Abin da ya sauya lissafi gaba ɗaya shi ne hukuncin Bruen na Yunin 2022, wanda Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta. Kafin nan, jiha takan kawo wa alƙali alƙaluman mace-mace ta ce ga amfanin dokarta, alƙali ya auna. Bruen ya rufe wannan ƙofa: yanzu sai jiha ta nuna cewa dokarta tana da makamanciya a tarihin ƙasar, musamman zamanin da aka rubuta haƙƙin. Lauyoyin jihohi suka koma tonon dokokin ajiyar albarushi da na sojojin sa-kai na ƙarni na 18 da na 19. A 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai 8 cikin 9 suka ɗan sassauta, suka ce ba sai an samo tagwayen doka ba, kuma wanda kotu ta tabbatar barazana ne ga wani ana iya raba shi da bindiga na ɗan lokaci. Duk da haka kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu a kan batun shekaru. Wadda ke kula da Florida ta tabbatar da dokar shekara 21 a 2025, wadda ke kula da Minnesota ta soke irin wannan sharaɗi na lasisin ɗaukar bindiga a 2024, wadda ke kula da Texas kuma ta ce hana 'yan 18 zuwa 20 sayen ƙaramar bindiga ya saɓa wa tsarin mulki. Abu ɗaya da ba a jayayya a kansa shi ne cikin makaranta: tun a Heller kotu ta lissafa ta cikin wuraren da ake iya hana shiga da makami.

Kafin a auna kowace doka, sai an san wane ne maharin da kuma inda ya samo bindiga. A Kankara ko Jangebe, ayarin 'yan bindiga ne suka zo daga daji, don haka katanga da jami'an tsaro su ne maganar farko. A Amurka kuwa da ɗan gari akan ci gari: mai harbin galibi ɗalibin makarantar ne ko wanda bai daɗe da barinta ba. Ya san ƙofar da ba a kullewa, ya yi atisayen ɓuya tare da sauran yara. Hukumar da ke tsaron shugaban Amurka ta nazarci hare-hare 41 da aka kai makarantu tsakanin 2008 da 2017. A 25 an yi amfani da bindiga, kuma 19 daga cikin waɗannan maharan sun ɗauko ta ne daga gidan iyaye ko na wani ɗan'uwa na kusa. Wani nazarin da hukumar ta yi da ma'aikatar ilimi a 2002 ya gano cewa a kashi 81 cikin 100 na hare-haren, akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san abin da ake shiryawa. Bindigar daga gida take fitowa, kuma ana jin ƙishin-ƙishin kafin ranar. Duk dokar da ba ta taɓa ɗayan waɗannan biyu ba, sai an riga an fara harbi take fara aiki.

Shi ya sa dokar kulle bindiga ta fi kowace tsayawa da ƙafafunta. Cibiyar bincike ta RAND, wadda ta shafe shekaru tana tace nazarce-nazarcen da aka yi kan dokokin bindiga, ta sanya ta cikin 'yan kaɗan da ke da hujja mai ƙarfi, musamman wajen rage yawan yaran da ke kashe kansu ko harbin kuskure. Amma yadda aka rubuta ta shi ne komai. Ta Michigan ta ce idan ka san yaro zai iya kasancewa a wurin, dole bindigar da ba ta hannunka ta zama babu harsashi a ciki kuma a datse da makulli, ko tana cikin akwati mai kulle. Hukuncin hawa-hawa ne: ɗaurin kwana 93 idan yaro ya fita da ita bainar jama'a, shekara 5 idan ya raunata wani, 10 idan raunin ya nakasa, 15 idan an rasa rai. Texas ma tana da irin dokar, sai dai "yaro" a wurinta shi ne wanda bai kai 17 ba. Ɗalibin da ya kashe mutum 10 a sakandaren Santa Fe a 2018 da bindigogin mahaifinsa shekarunsa 17 cif, don haka dokar ba ta kama iyayen ba. Shekara ɗaya a cikin ma'anar kalma ta raba hukunci da rashinsa.

Ƙorafin masu bindiga a nan yana da tushe. Mutumin da ke zaune a ƙauyen da 'yan sanda ke ɗaukar rabin sa'a kafin su iso yana cewa bindigar da ke kulle ba ta da amfani idan ɓarawo ya ɓalle ƙofa da tsakar dare, kuma Heller kansa ya soke dokar birnin Washington da ta sa bindigar gida ta zama ba ta harbuwa a kowane lokaci. Dokokin da suka tsira a kotu su ne waɗanda suka keɓe bindigar da ke jikin mai ita ko kusa da hannunsa. Akwatin da ke buɗewa da lamba ko zanen yatsa cikin daƙiƙoƙi ya rage nauyin wannan hujja ƙwarai. Rauni na gaskiya yana wani wurin: ɗan sanda ba shi da ikon shiga gida ya duba ko an kulle, don haka dokar ba ta cizo sai bayan ɓarna ta auku. Ƙarfinta yana cikin tsoron da take sa wa iyaye. A Oxford, uba ya sayi ƙaramar bindigar kwana huɗu kafin harin, a matsayin kyauta ga ɗansa mai shekara 15. Da safen ranar malama ta ga zanen bindiga da jini a takardarsa tare da rubutun neman taimako, aka kira iyayen, suka ƙi tafiya da shi gida, ba su ambaci bindigar ba, ba wanda ya buɗe jakarsa, alhali tana ciki. A 2024 aka samu James da Jennifer Crumbley da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke wa kowannensu shekara 10 zuwa 15. Su ne iyaye na farko a Amurka da aka ɗaure saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta.

Dokar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta karɓe bindiga na wucin gadi, wadda ake yi wa laƙabi da dokar jar tuta. Connecticut ce ta fara a 1999, Indiana ta bi a 2005, yanzu jihohi sama da 20 suna da ita. Ta Florida, wadda gwamna Rick Scott ɗan jam'iyyar Republican ya sa wa hannu makonni uku bayan kashe mutum 17 a wata sakandare da ke garin Parkland a 2018, ga yadda take tafiya. 'Yan sanda kaɗai ke iya shigar da buƙata, da rantsuwa a rubuce kan abin da mutumin ya faɗa ko ya aikata. Alƙali yana duba ta a ranar ko washegari, ba tare da wanda ake zargi yana wurin ba, kuma idan ya ga dalili mai ma'ana ya ba da umarnin gaggawa. Sai 'yan sanda su kai takardar su karɓi bindigogi da harsasai da lasisi. Cikin kwana 14 a yi zama na gaba-da-gaba, inda sai an kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa kafin a tsawaita umarnin har zuwa wata 12. Idan mutum yana son a ɗage kafin lokacin, nauyin hujja ya koma kansa. A Kalifoniya da Colorado dangi ma suna iya shigar da buƙatar, a New York har shugabannin makarantu.

Damuwar masu adawa ba ƙirƙira ba ce, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana raba mutum da haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, da dukiyarsa, alhali ba a tuhume shi da laifi ba, kuma a matakin farko ba a ji ta bakinsa ba. Tunda shari'ar ba ta laifi ba ce, a yawancin jihohi ba a ba shi lauya kyauta. Talaka shi kaɗai zai tsaya gaban lauyan hukuma. Tsohuwar mata ko ɗan'uwan da ake rikicin gado da shi na iya yin ƙarya. Kai takardar ma haɗari ne: a Maryland a 2018, wata guda da fara aikin dokar, 'yan sanda sun harbe wani dattijo a ƙofar gidansa da asuba lokacin da suka je karɓar bindigarsa. Hukuncin Rahimi ya shafi umarnin da aka bayar bayan an sanar da mutum an saurare shi, bai warware batun matakin gaggawa ba. Amma duk waɗannan suna da gyara a cikin rubutun doka. Colorado tana naɗa wa wanda ake ƙara lauya da kuɗin gwamnati. Ana iya taƙaita kwanakin jira, a hukunta mai rantsuwar ƙarya, a wajabta mayar da bindiga cikin ƙayyadadden lokaci idan umarni ya ƙare. A ganina jihar da ta ƙi yin waɗannan ita ke ba abokan adawar dokar makami.

Abin da tarihi ya fi nunawa kuma shi ne rashin amfani da dokar a inda ya kamata. A Indianapolis, uwa ta kai ƙarar ɗanta a Maris 2020, 'yan sanda suka karɓe bindigarsa, amma ofishin mai gabatar da ƙara bai kai maganar gaban alƙali ba, yana cewa kwana 14 ba za su isa a samo takardun asibiti ba. Tunda babu umarnin kotu, sunansa bai shiga tsarin bincike ba; ya sayi sababbin bindigogi biyu a shekarar, ya kashe mutum 8 a wani wurin aiki a Afrilun 2021. Wanda ya kashe baƙaƙen fata 10 a kantin Buffalo a 2022 ya taɓa furta maganar kisa a makarantarsa shekara guda kafin nan, aka kai shi gwajin ƙwaƙwalwa aka sallame shi, ba wanda ya nemi umarnin duk da New York tana da dokar. A Maine sharaɗin dokar da ake da ita a 2023 ya yi tsauri, sai an tsare mutum likita ya duba shi kafin a je wurin alƙali, kuma ba a kai ga yin hakan ba ga wanda ya kashe mutum 18 a Lewiston a 2023. Ga kuma gundumomin da sherif ɗinsu, wato shugaban 'yan sandan da jama'a ke zaɓa, ya fito ya ce ba zai aiwatar ba. Oklahoma ta yi doka a 2020 da ta haramta irin wannan umarni gaba ɗaya. A Florida kuwa an bayar da dubban umarni, kuma cikin waɗanda suka fi amfani da ita har da sherif Grady Judd na gundumar Polk, wanda ba a san shi da ƙin bindiga ba. Bambancin shi ne horo, da jami'in da aka ɗora wa aikin, da alƙalin da ake samu ko da dare ne.

Haramta bindigogi samfurin AR-15 da gidan harsashi mai cin fiye da 10 shi ya fi cika jaridu, amma ba zan daɗe a kansa ba. Kimanin jihohi 10 ke da shi, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da aka kai kan na Maryland a 2025, kuma hujjarsa mafi ƙarfi ita ce sauya gidan harsashi yana ba yara 'yan daƙiƙoƙin gudu. Sai dai mafi yawan kisan bindiga a ƙasar da ƙaramar bindiga ake yinsa, kuma cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Gaggawa ma ta sha ɓata irin wannan doka: New York ta ƙayyade harsashi 7 a Janairun 2013 alhali kusan babu masu ƙera gidan harsashi mai wannan adadi, kotu ta soke sashen. A Colorado, masu zaɓe sun yi wa sanatocin jiha biyu kiranye a wannan shekarar saboda dokar harsashi 15.

A ɗaya ɓangaren, dokar mai tsaro a kowace makaranta tana da farin jini domin ido yana ganinta. Matsalarta ta farko kuɗi ne. Texas ta ba kowace makaranta dala 15,000 da kuma dala 10 kan kowane ɗalibi. Makaranta mai yara 500 ta tashi da 20,000, wanda ba zai biya albashin ɗan sanda ɗaya na shekara ba, ga kuma ƙarancin 'yan sandan da za a ɗauka. Hukumomin ilimi da yawa suka fake da sashen uzuri da dokar ta tanada, sai a 2025 majalisa ta ƙara kuɗin. Matsala ta biyu ta fi ciwo. Parkland tana da ɗan sanda mai bindiga. Ya tsaya a waje fiye da minti 40, harbin kuwa bai wuce minti shida ba, kuma a 2023 kotu ta wanke shi. A Uvalde jami'ai 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin. Rahoton majalisar jihar ya nuna an san makullin aji na 111 yana da matsala ba a gyara ba, kuma ƙofofin azuzuwan daga waje ake kulle su da mabuɗi, wato sai malama ta leƙa barandar da ake harbi kafin ta kulle. 'Yan sandan sun ɓata lokaci suna neman mabuɗin ƙofar da ga dukkan alamu a buɗe take. Tun 2015 kwamitin da ya binciki Sandy Hook ya sa ƙofar da ake kullewa daga ciki a sahun farko na shawarwarinsa, bisa shaidar cewa ba a taɓa samun maharin da ya ɓalle ƙofar aji da aka kulle ba. Abin takaici ne a ce gyara mai araha irin wannan, wanda bai taɓa haƙƙin kowa ba, shi ake bari a baya. Maɓallin neman agaji da New Jersey ta fara wajabtawa a 2019 shi ma haka: a sakandaren Apalachee ta Georgia a 2024, malamai sun danna na wuyansu, jami'ai suka isa wurin maharin cikin 'yan mintoci, duk da an rasa mutum 4.

Ba wa malamai bindiga kuwa, a dubi sa'o'in horo kawai. Florida na buƙatar sa'a 144 da gwajin ƙwaƙwalwa da na ƙwaya. Shirin Texas mafi tsauri sa'a 80 ne. Tennessee, a dokar 2024 da ta biyo bayan kashe yara 3 da manya 3 a makarantar Covenant, sa'a 40 ce a shekara. A Ohio, Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2021 sai malami ya yi horon ɗan sanda na sa'a sama da 700. Majalisa ta mayar da shi 24 a shekarar da ta biyo. Wani nazarin RAND kan 'yan sandan birnin New York tsakanin 1998 da 2006 ya nuna cewa a musayar wuta harsashi 18 cikin 100 ne ke samun wanda aka nufa. Waɗannan ƙwararru ne, a titi. Malami zai yi nasa harbin ne a baranda cike da yara, kuma mai yiwuwa wanda zai harba ɗalibinsa ne. Ga haɗarin 'yan sanda su iso su ga babba da bindiga ba su san ko wane ne ba. Hujjar makarantun karkara masu nisa da ofishin 'yan sanda abin saurare ce. Abin da ba shi da kariya shi ne sirrin da dokar Tennessee ta sa: shugaban makaranta da daraktan ilimi da shugaban 'yan sanda su amince, amma uwa ba ta da ikon sanin ko malamin ɗanta yana ɗauke da bindiga. Manyan hukumomin ilimi na jihar da dama sun ce ba za su shiga shirin ba.

A nan ne maganar haƙƙi ta karkace. Babban mutum mai bindiga yana da ƙungiyoyi da lauyoyi da hukuncin Bruen a bayansa. Kafin a taɓa shi sai an je gaban alƙali. Ɗalibi kuwa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1985 a wata shari'ar New Jersey, malami na iya bincike jakarsa ba da takardar kotu ba, zato mai ma'ana ya wadatar. A kan wannan aka ɗora na'urorin gano makami, da jakunkuna masu nuna abin da ke ciki, da manhajojin da ke karanta duk abin da yaro ya rubuta a kwamfutar makaranta. Wasu na'urorin ma ba su cika alƙawari ba: a 2024 hukumar kare masu saye ta tarayya ta zargi kamfanin Evolv da zuzuta ƙarfin na'urarsa, bayan an shiga da wuƙa ta gabanta an daɓa wa ɗalibi a wata sakandare da ke birnin Utica, a Janairun 2025 kuma kyamarorin gano bindiga na sakandaren Antioch a Nashville ba su hango bindigar da aka kashe yarinya da ita ba. New York ta hana makarantu amfani da fasahar gane fuska a 2023. Wani babban nazari na masana daga jami'ar Albany da RAND ya gano cewa ajiye ɗan sanda a makaranta yana rage faɗace-faɗace, amma bai rage abubuwan da suka shafi bindiga ba, ya kuma ƙara yawan dakatarwa da kora da kamu, musamman ga baƙaƙen fata da yara masu nakasa.

Akwai hanyar kama ƙishin-ƙishin ba tare da murƙushe yaro ba. Virginia ta wajabta kwamitin tantance barazana a kowace makarantar gwamnati tun 2013. Kwamitin ya ƙunshi shugaban makaranta da mai ba da shawara da masanin halayyar ɗan'adam da jami'in tsaro. Idan rahoto ya zo, a ranar ake jin ta bakin yaron da shaidu, a raba maganar fushi ko wasa da barazana mai nauyi: akwai wanda aka nufa, akwai shiri, akwai hanyar samun makami? Idan mai nauyi ce, a sanar da wanda ake hari da iyaye, a tambaye su kai tsaye ko akwai bindiga a gida da inda take, a duba jaka, a tsara kulawa da bibiya. Tambayar nan ta bindigar gida ita ce ba a yi ba a Oxford.

Tennessee ta zaɓi sanda. Majalisar da ta ƙi ko da kaɗa ƙuri'a kan shawarar gwamnanta Bill Lee ta karɓe bindiga daga masu haɗari, bisa dalilin kare haƙƙin a saurari mutum, wadda kuma ta kori 'yan majalisa biyu, Justin Jones da Justin Pearson, a Afrilun 2023 saboda zanga-zanga a zaure, ita ce ta wajabta korar shekara guda ga ɗalibin da ya yi barazanar kisan jama'a, sannan a 2024 ta mayar da furucin babban laifi. 'Yan jaridar ProPublica da gidan rediyon WPLN sun bi diddigin abin da ya biyo baya: yaro ɗan shekara 10 da aka kora na shekara guda saboda ya nuna yatsa kamar bindiga, da wani ɗan 13 mai lalurar galahanga da aka sa wa ankwa saboda ya ce jakarsa za ta fashe idan aka buɗe, aka buɗe aka tarar da zomon wasa. An gyara dokar korar don a fara tantance ko barazanar ta gaske ce, amma dokar laifin ta bar wa ɗan sanda damar kamawa ko da makaranta ta ce babu komai.